Wanda ya kulle ƙofa shi ke da nauyin na ciki

Baba Rabaran ya yi rubutu kwanan baya a kan makarantun ikkilisiya, kuma idan mutum irinsa ya yi magana dole a kasa kunne, domin ya riƙe alli a ajin tauhidi tun wasunmu ba su san dama da hagu ba. Kukansa shi ne an fara shagwaɓa ɗalibai. Kowace kwaleji yanzu sai ta buɗe ofishin ba da shawara, ta ɗauki jami'in kula da walwala, ta shirya darasin ƙari ga waɗanda suka kasa, alhali a zamaninsu ba a san ko ɗaya daga ciki ba, kuma aka yaye mazajen da suka riƙe ikkilisiya. A ganinsa, wanda yake da majami'a da fasto da gwiwar durƙusawa ba ya bukatar wani ɗaki na musamman da zai shiga ya zubar da hawaye. Wanda karatu ya gagara kuwa a bar shi ya koma gona, tunda ba kowa aka kira ba. Kuɗin da ake zubawa a waɗannan ofisoshi, in ji shi, gara a sayi littattafai da su.

Ba raina furfura ya sa na ɗauki alƙalami ba. Maƙalarsa za ta faɗa hannun mutanen da ke zama a hukumomin gudanar da makarantunmu, kuma babu abin da ya kai daɗi ga mai riƙe da aljihun makaranta irin a ce masa abin da dama ba ya son biya, ƙarancin bangaskiya ne.

Mu fara da zamanin da Baba ke kewa, domin ina ganin rabinsa kawai ya tuna. A 1934 mishan ɗin SUM ya buɗe makarantar horar da masu bishara da malamai a Gindiri. Masu aure sun zo da iyalinsu, aka ba su masauki da gona, aka kuma buɗe wa matan ajinsu. A 1953 aka ƙara makarantar makafi a nan Gindirin. Mutanen da suka dubi yaro makaho suka ce a zauna a koya masa karatu da yatsu, da wuya su ce wanda Turanci ya ɗaure wa kai ya tattara ya koma gida. A makarantar Kulp ta ikkilisiyar EYN da ke Kwarhi, kusa da Mubi, noma yana cikin tsarin karatu, don ɗalibi ya ci da iyalinsa yana makaranta, ya kuma sami abin riƙe kansa ranar da aka tura shi ƙauyen da baiko ba ya rufe gindin kwano. Kwalejin tauhidi ta TCNN da aka buɗe a 1959 ƙarƙashin Harry Boer, da ɗalibai 'yan ƙalilan ta fara. Malami a wancan lokaci gidansa yana cikin makaranta. Ya san ɗalibi, ya san matarsa, ya san ƙauyensu da mai biya masa kuɗi. In jaririnsu ya kwana da zazzaɓi, kafin a tashi sujadar safe labari ya kai gidan malam, an aiko da magani. Wannan ita ce kulawar da su Baba suka sha suka ƙoshi. Ba a dai rataya mata allo a ƙofa ba, shi ya sa yau ake ganin kamar ba a yi ta ba.

Yanzu fa? Jami'ar Bingham da ikkilisiyar ECWA ta kafa a Karu a 2005 ɗalibanta dubbai ne. Katolika suna da Veritas a Abuja, COCIN ta buɗe Karl Kumm a Vom, ga kwalejojin ilimi da na aikin jinya da makarantun tauhidi barkatai. A wurare da dama malami haya yake a cikin gari, yana koyarwa a makarantu biyu ko uku don albashi ɗaya ba ya kai shi ƙarshen wata. Ya shiga aji, ya fito, ya tare keke-napep. Hali ne ya kawo haka. Amma abin da zaman tare yake yi da kansa a da, yau in ba a ɗora wa wani takamaimai ba, aka ba shi lokaci da ɗaki, to babu mai yin sa.

Kuma idan Baba ya lissafa mazajen da zamaninsu ya fitar, waɗanda suka gama yake lissafawa. Su muke gani a hotunan bikin yaye, su suka zama shugabannin gunduma. Wanda ya ɗaure akwatinsa da asuba ya bi motar kasuwa bai sake dawowa ba, ba ya cikin hoton. Wanda aka ce iska ta taɓa shi aka mayar wa iyayensa, ba a rubuta tarihinsa ba. Duk tsohon ɗalibin da ka zauna da shi har hira ta yi nisa, sai ya tuno maka ɗaya ko biyu, ya ce ai wane ya fi mu ƙwaƙwalwa, ko ina ya ƙare oho.

Ko da a ce tarihi yana gefen Baba, akwai abin da ya tsallake. Makarantar ikkilisiya ta bambanta da jami'ar gwamnati, kuma mu da bakinmu muke tallata bambancin. Ɗalibin jami'ar gwamnati yana iya kama haya a unguwa, ya je gidan kawunsa ranar Asabar, ya zaɓi majami'ar da zai yi sujada da faston da zai kai wa kuka. Namu kuwa mun kulle masa ƙofa. Ba ya fita sai da takardar izini. Sujada dole ce, har da kiran suna. Mu ke faɗa masa tufafin da zai sa, da ƙarfe nawa zai kwanta, da wanda zai tsaya da shi bayan faɗuwar rana, a wasu wuraren ko wayarsa sai mun ga dama. Iyaye kuma saboda wannan katanga suke sayar da hatsi da awaki su kawo mana 'ya'yansu. Sun ji an ce a nan ana sa ido. Ban ce a rushe katangar ba. Na ce wanda ya raba yaro da kawunsa da gwaggonsa da fastonsu na gida har wata huɗu a jere, ya ɗauki aikinsu ke nan, ya so ko ya ƙi. Ba a karɓar ikon uba a bar wahalar uba. Idan idon da muka sa yana ganin gajeren siket amma ba ya ganin yarinyar da ta daina cin abinci, to gadi muke yi, kada mu kira shi kiwo.

Sai mu dubi su wa ke shigowa ta ƙofar nan yanzu. A ƙarshen Oktoban 2014 Boko Haram ta mamaye hedikwatar EYN a Kwarhi, ɗaliban Kulp da malamansu suka watse da abin da ke jikinsu. Watanni shida kafin nan aka kwashe 'yan mata 276 a Chibok, mafi yawansu 'ya'yan wannan ikkilisiya. A Janairun 2020 'yan bindiga suka shiga seminarin Good Shepherd da ke kan hanyar Kaduna zuwa Abuja suka tafi da ɗalibai huɗu. Uku suka dawo, aka tsinci gawar Michael Nnadi, ɗan shekara 18. A 5 ga Yulin 2021 aka sace ɗalibai 121 a sakandaren Bethel Baptist da ke ƙaramar hukumar Chikun. Mangu, inda Gindirin take, ta sha wuta a 2023, kuma a jajiberin Kirsimetin shekarar aka kashe mutane fiye da 100 a ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi. Yaran da suka tsira daga waɗannan wurare, da ƙannensu da abokan wasansu, su ne ke zaune a azuzuwan kwalejojinmu yau. Su Baba sun sha wuya, ban musa ba, sun yi tafiyar ƙasa, sun ci tuwo ba miya. Amma yawancinsu ba su zo makaranta da ƙarar bindiga a kunne ba.

A wata kwaleji da na koyar, akwai yaron da kullum kujerar bakin ƙofa yake zama, ko an matsa masa ya dawo gaba. Ya fara fashin sujadar safe. Mai kiran suna ya yi aikinsa, sunan ya kai teburin shugaban kula da ɗalibai, gargaɗi ya bi gargaɗi, aka sa ranar da zai gurfana gaban kwamitin ladabtarwa. Kowa ya riga ya yanke hukunci a ransa: lalaci ne, ko kuwa ya fara shaye-shaye, don idanunsa kullum jajir. Wata dattijuwa mai dafa abinci ce ta lura ko karin kumallo ba ya zuwa. Ta kira shi bayan kicin ta zuba masa kunu, ta ci gaba da wanke tukunya, ba ta tambaye shi komai ba. Sai da ya saba zuwa kafin ya buɗe baki. Ashe ya kwana a gonar masara yana jin abin da ake yi wa gidansu. Tun daga ranar da takalmi a ƙafa yake kwanciya, kuma barci ba ya ɗaukarsa sai ya ga gari ya fara wayewa, daidai lokacin da ake kaɗa ƙararrawar sujada. Yaron nan yana addu'a, ya ma fi mu yi, don shi ne ido biyu duk dare. Abin da bai samu ba shi ne wanda zai tambaye shi lafiya kafin ya tambaye shi dalili. An soke zaman kwamitin, amma sa'a ce kawai. Da matar nan tana hutu a makon da an kore shi, kuma da mun rubuta a takarda cewa rashin ɗa'a ne.

Baba ya kafa hujjarsa a kan addu'a, kamar masu neman ofishin shawara sun ce a rufe majami'a. Ba wanda ya ce haka. Baba ya fi ni sanin labarin annabi Iliya a 1 Sarakuna sura 19. Mutumin da ya ga wuta ta sauko a Dutsen Karmel, shi ne ya gudu daga Yezebel ya faɗa jeji ya zauna a gindin itace yana roƙon mutuwa. Abin da aka fara yi masa, an bar shi ya yi barci, aka tashe shi aka ba shi abinci da ruwa, ya sake kwanciya, aka sake ciyar da shi. Sai da ya yi tafiyar kwana arba'in zuwa Horeb aka tambaye shi abin da ya kawo shi, aka bar shi ya amayar da abin da ke cikinsa har sau biyu, sannan aka ba shi aiki da abokin tafiya, wato Elisha. A Ayyukan Manzanni sura 6 kuma, da gunaguni ya tashi a kan rabon abincin gwauraye mata, manzanni ba su ce a ƙara azumi ba. Mutum bakwai aka zaɓa aka ɗora musu aikin. Mai neman asalin ofishin walwala ya duba nan kafin ya tafi Landan.

Ikkilisiyar da ta gina asibitin Vom, da Evangel a Jos, da wurin jinyar kutare a Garkida, da asibitin Galmi a Nijar, ba ta taɓa ɗaukar allura kishiyar addu'a ba. Ɗalibi ya kamu da taifod, ɗakin magani muke kai shi, mu yi masa addu'a a bakin gado. To me ya sa ciwon damuwa zai zama daban? Yarinyar da ta yi makonni ba wanka ba cin abinci, tana cewa ita kaya ce a kan iyayenta, ko saurayin da ya fara jin muryoyi yana zargin abokan ɗakinsa da yi masa sammu, waɗannan alamu ne da likitocin ƙwaƙwalwa suka sani, kuma suna da magani. Abin da muka fi yi shi ne a tara 'yan ƙungiyar addu'a a danne shi har asuba ana tsawata wa aljani, sai ya fasa taga a kira iyayensa. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, akwai a Maiduguri, akwai sashen a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos. A Janairun 2023 aka sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Sai dai likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba, ga mutane fiye da miliyan 200. Wato ba likita ne zai fara ganin yaron ba, mu ne. In babu ko mutum ɗaya a makaranta da aka horar ya bambance ɓacin ran da hira da addu'a za su ɗauke da ciwon da dole a kai asibiti yau-yau, kullum a makare za mu riƙa ganewa.

Inda na fi saɓa wa Baba shi ne cewarsa limamin makaranta ya isa. Limamai da yawa mutanen kirki ne, ƙofarsu a buɗe take. To me ya hana ɗalibai shiga? A duba jerin sunayen kwamitin ladabtarwa: a makarantu da dama limami yana ciki. A makarantar tauhidi kuma yana cikin masu sa baki a takardar shaidar hali da za a aika wa gundumar da ta turo ɗalibi, takardar da a kanta za a ba shi ikkilisiya ko a hana shi. Ga ɗalibin aji uku da ya faɗa cacar ƙwallo ta waya har ya taɓa kuɗin makaranta. Ga wanda ya fara shan tramadol don ya iya karatun dare, ya kasa dainawa. Ga wanda darasin tarihin rubutun Littafi Mai Tsarki ya girgiza masa bangaskiya, ya rasa wanda zai tambaya. Wane ne a cikinsu zai ɗauki wannan ya kai wa mutumin da gobe zai zauna a teburin da za a yanke masa hukunci? Yaranmu ba wawaye ba ne. Shiru suke yi, abu ya yi ta ruruwa, ranar da ya fashe da kansa sai mu kira taro mu ce ba mu ga alama ba.

Ga kuma wata cuta da ta zama ruwan dare a cikinmu, ta mayar da asirin mutum batun addu'a. Na san yarinyar da ta kai kukan wani malami da ke matsa mata wurin matar da ke kula da ɗakin kwanansu. A taron addu'a na tsakiyar mako aka roƙi jama'a su tuna da wata 'yar'uwa 'yar aji biyu, daga jiha kaza, da ke cikin gwaji. Ba a faɗi suna ba, amma duk majami'ar ta waiwaya wuri ɗaya. Malamin ya gama shekarar lafiya lau. Ita ce ta nemi canjin makaranta, kuma cikin 'yan matan da suka waiwaya ranar ba na tsammanin akwai wadda ta sake kai kuka.

'Yan'uwanmu Katolika sun daɗe da gane wannan. A kundin dokokinsu na 1983, doka ta 240 ta hana a nemi ra'ayin uban ruhaniya ko mai sauraron furcin zunubi idan za a yanke shawarar naɗa ɗalibi fada ko sallamarsa daga seminari. Doka ta 985 kuma ta hana shugaban seminari sauraron furcin ɗaliban da ke zaune gida ɗaya da shi, sai in ɗalibin ne da kansa ya nema. Ba wanda zai ce Roma tana shagwaɓa ɗalibai. Abin da nake nema a makarantunmu ke nan, kuma ba ya cin ko sisi: a fitar da limami da mai ba da shawara daga kwamitin ladabtarwa, a rubuta a littafin dokokin ɗalibai cewa abin da aka faɗa musu ba ya fita, a kuma faɗi iyakar ƙarara, wato idan rai yana cikin haɗari ko ana cutar da wani. Ɗalibi ya san iyakar tun kafin ya zauna.

Sai batun wanda karatu ya gagara. Baba ya ce ba kowa aka kira ba, amma kira ake aunawa a zauren jarrabawa ko Turanci? Yaron da ya tashi yana Ngas ko Bura ko Jju a gida, Hausa a kasuwa da majami'a, wanda aka rufe sakandarensu zango guda saboda hari, shi muke miƙa wa littafin tauhidi da aka rubuta a Amurka don 'yan Amurka, mu ɗora masa Helenanci da Ibrananci ta hanyar Turancin da bai gama zama a bakinsa ba. Alhali mafi yawan wa'azin da zai yi a rayuwarsa da Hausa zai yi shi. Na ga waɗanda ke rarrafe a rubutu, amma in suka tsaya suna warware wa tsofaffin ƙauye wasiƙar Romawa sai ka ajiye biro ka saurara. Mu muka duba takardunsa, muka karɓi kuɗinsa, muka ce ya cancanci shiga. In mun san ba zai iya ba, me ya sa muka ɗauke shi? In kuwa mun ɗauka, to zuba masa ido har ƙarshen shekara sannan mu liƙa sunansa a allo cin amana ne.

Abin da ake bukata ba mai tsada ba ne. Gwaji a mako na huɗu ko na biyar, don a san masu rauni kafin ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Ajin koyon rubutu a zangon farko, inda za a nuna wa mutum yadda ake gina sakin layi da yadda ake ambaton littafi ba tare da an kwashe shi ɗungurungum ba. 'Yan ajin ƙarshe su riƙa zama da sababbi, a rage musu wani abu a kuɗin makaranta. Inda babu wannan, ɗalibi yana samo nasa taimakon: ya kwafo daga intanet, ko ya sa ChatGPT ya rubuta masa, ko ya biya wani ya haɗa masa aikin bincike. Sai mu kama shi mu yi wa'azi a kan gaskiya. Littattafan da Baba ke so a saya ina goyon baya, sai dai na shiga ɗakunan karatu inda kundayen sharhi ke jere sun sha ƙura, don ba a koya wa kowa yadda ake shiga cikinsu ba.

Yunwa ma tana cikin lissafi. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabi. Bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 na ɗaliban makarantun gwamnati ne, kuɗin TETFund ma ba ya leƙa makarantu masu zaman kansu. Ɗalibanmu ba su da kowa sai iyaye da ikkilisiyar ƙauye, wadda ita ma sai bayan kaka take iya aikowa, in ma an bari an yi noman. Shi ya sa za ka ji suna raha da 0-1-0, ba safe, ba dare, sai garin kwaki da rana. A layin masu aure za ka tarar da matar ɗalibi tana suyar awara a bakin ƙofa, da cinikin ake sayen sabulu. Ranar jarrabawa kuma ma'aji ya tsaya a ƙofar zaure da jerin masu bashi. Makaranta tana bukatar kuɗinta, malamai ma suna da ciki. Amma a san mai bashi tun farkon zango, a raba masa biyan kashi-kashi, a rubuta wa gundumarsa, a ba shi aiki a gonar makaranta, duk wannan aikin wani ne, kuma wanin nan shi ne jami'in da Baba ya ce a sallama.

Akwai inda Baba ya yi gaskiya. Wasu ofisoshin shawara allo ne kawai, an buɗe su don masu zuwa tantance makaranta su gani, bayan sun tafi a jibge karyayyun kujeru a ciki. Wasu kuma an kai su jikin ofishin shugaba, inda duk mai shiga sai kowa ya gan shi. Ba kowane ɓacin rai ba ne ciwo. Wanda budurwa ta ƙi, aboki yake bukata da kwana biyu. Littattafan horo da aka kwafo daga waje kuma suna ɗaukar mutum kamar shi kaɗai ya faɗo duniya, alhali matsalar yaronmu sau da yawa akwai kawu a ciki, da sadaki, da gonar gado, da ƙannen da ke jiran ya gama. Amma duk wannan hujja ce ta a gyara aikin. EYN bayan 2014 ba ta tsaya gardamar ko raunin zuciya kayan Turawa ne ba. Ta shirya tarurrukan warkarwa ga waɗanda suka yi gudun hijira, ta horar da mutanenta su jagoranta. Muna da ma'aikatan jinya da suka yi ritaya, muna da Zumuntar Mata da ta fi kowa sanin gidan da ba a ɗora tukunya ba. Abin da ya rage shi ne a horar da su, a ɗaure su da ƙa'idar riƙe asiri, a kuma sami mutum ɗaya da albashinsa ya rataya a kan aikin.

Horo ma ban ce a jefar ba. Wanda ya yi sata ko ya ci zarafin wani ya fuskanci hukunci. Sai dai horon ikkilisiya da su Baba suka koya mana, maido da mutum ne manufarsa. Shi ya sa wanda aka sa a bencin baya ake ziyartarsa har ranar da za a karɓe shi. A makaranta mun riƙe rabin farko mun saki na biyu. Yarinyar da ta yi ciki ana ba ta awanni ta kwashe kayanta, ba mai tambaya ko gidan da za ta koma zai karɓe ta, ba mai kiranta bayan wata guda, kuma sau da yawa mai cikin yana nan yana rera waƙa a ƙungiyar mawaƙa.

Saura abin da ba ma son ambata. Ɗalibai suna yunƙurin kashe kansu, a makarantun gwamnati da namu. Kundin Penal Code da Arewa ta gada, a sashe na 231, ya mayar da yunƙurin laifi mai ɗaurin da zai iya kai shekara guda. Ga tsoron 'yan sanda, ga tsoron kora, ga tsoron bakin 'yan majami'a, shi ya sa abokan ɗaki kan rufe ƙofa su yi ta dabararsu maimakon su tada babba. Baba, kuna cikin masu faɗa a ji a hukumar makaranta. A zama na gaba, kafin a kai ga kasafin littattafai, ina roƙon ku tambayi shugaban makaranta: idan ƙarfe biyun dare ɗalibi ya tarar da abokin ɗakinsa a wannan hali, lambar wa zai kira? Wa ke riƙe da makullin ƙofa da na mota, kuma akwai mai a motar? Wane asibiti za a nufa, wa ya taɓa zuwa ya yi magana da su? Yaron da aka ɗauka kuma, in Allah ya tashi kafaɗarsa, aji zai dawo ko gaban kwamiti?